Kwamfutar da ba ta barci: tambayoyi da amsoshi kan haɗa saba a gida

A bayan shagona na gyaran kwamfuta a nan Garwa akwai wata 'yar ƙaramar na'ura a kan kanta, ba allo, ba madannai, sai fitila ɗaya mai ƙyaftawa dare da rana. Duk wanda ya shigo sai ya tambaya mece ce, in na ce saba ce sai tambayoyi su ɓarke. Wasu a shago suke yi, wasu ta WhatsApp daga Marwa, Ngaundere, Kuseri har Injamena. Bakina ya gaji da maimaici, shi ya sa na tattara waɗanda suka fi yawa a nan. Ka riƙe abu ɗaya tun yanzu: galibin shawarar da za ka gani a intanet, mutanen da wutarsu ba ta ɗaukewa ne suka rubuta ta, ɗakunansu da sanyi, datarsu kuma ba a auna musu ita da mudu. Mu a nan wuta da zafi da ƙura ne ke zaɓa mana inji.

Malam, wai mece ce saba, kuma me zan yi da ita a gida?

Kwamfuta ce kamar kowace, sai dai ba zama ake yi a gabanta ba. Tana kunne a lungu, wayoyi da kwamfutocin gidan suna zuwa wurinta ta wifi su ɗebi abin da suke so. Wasu na ce mata uwar garke, sunan kuwa ya dace da ita.

Abin da mutanenmu suka fi yi da ita: ajiye hotunan iyali da takardun shago a wuri guda ta manhajar Samba, yadda kowa zai gan su kamar wani fayil a cikin na'urarsa, tara karatun Alƙur'ani, tafsiri da finafinai a Jellyfin, yara su kalla ba tare da an ƙona data ba, kwashe hotunan waya kai tsaye da Syncthing ko Immich. Masu makaranta kuma akwai Kiwix, wadda ke ajiye Wikipedia, har da ta Hausa da ta Faransanci, ɗalibai su karanta ko babu rezo, wato ko babu intanet. Mai ɗaukar hoton biki da mai shagon buga takardu su ne suka fi kowa buƙatarta, su ne kuma suka fi kowa jinkirin yin ta, sai diski ya mutu da aikin mutane a ciki.

To wace kwamfuta zan saya? Ka faɗa mini ɗaya kawai.

'Yar ƙaramar kwamfutar ofis ta hannu, irin wadda girmanta bai wuce littafi mai kauri ba. Kamfanoni uku ne suka cika kasuwa da su: Dell OptiPlex Micro, HP EliteDesk ko ProDesk Mini, da Lenovo ThinkCentre Tiny. An ƙera su ne don su wuni kunne a ofisoshi shekara da shekaru, kayan gyaransu na samuwa, kuma in suna zaune babu aiki mai nauyi, abin da suke sha bai cika wuce wat 10 zuwa 15 ba. Ƙwan fitila na da ya fi su shan wuta.

Ka duba furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. Wanda lambarsa ta ƙare da harafin T shi ne mai tsimin wuta, kamar i5-6500T, i5-7500T ko i5-8500T. Na ƙarshen yana da ƙwaya 6, wato sassa shida masu aiki a lokaci guda, sauran biyun 4. In finafinai ne a ranka, ka fara daga zubi na 7 zuwa sama (lambar farko ce ke nuna zubi, kamar 7 a i5-7500T), domin daga nan ne sashen Quick Sync na Intel ya iya sarrafa bidiyon HEVC mai bit 10, wanda yawancin sababbin finafinai ke zuwa da shi.

Akwai wata sa'a da ta faɗo mana. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance ba ta karɓar furosesan Intel da ke ƙasa da zubi na 8, ban da 'yan ƙalilan. Injinan zubi na 6 da na 7 sun zama kaya a wuyan ofisoshin Turai, alhali lafiyarsu ƙalau. Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, ba ruwanta da wannan ƙa'ida. Abin da suka yar, mu ya yi mana daidai.

Iyakar 'yar ƙaramar ita ce cikinta: galibi SSD siriri ɗaya (ma'ajiya marar faifai) da ƙaramin diski na inci 2.5 ɗaya, shi ke nan. In ka san za ka tara kaya masu yawa, ɗauki yayarta, wato mai matsakaicin jiki da ake ce wa SFF, wadda ke ɗaukar babban diski na inci 3.5 ɗaya ko biyu. Wutar da take sha ta ɗan ɗara, amma ba da yawa ba.

Wanda kuma ya fi son sabuwa dal, akwai ƙananan injinan da ke ɗauke da Intel N100, wanda ya fito a farkon 2023. Ƙwaya 4 gare shi, tsiminsa ya fi na waɗancan, kuma da yawansu volt 12 suke ci, abin da zai yi maka rana in mun zo maganar batir. Sai dai ingancinsu ya danganta da wanda ya harhaɗa, kuma in fankarsu ta mutu sai ka yi yawon nema.

Kawu, ina da tsohuwar laftof mai fasasshen allo. Za ta yi?

Za ta yi, ɗana, har ma ta fi wasu da za ka kashe kuɗi a kansu. Laftof saba ce da ta zo da batirinta a jiki: an ɗauke wuta, ita ko a jikinta. Abu biyu za ka gyara. Na farko, ka hana ta barci in an rufe murfi. A Linux ana buɗe fayil ɗin /etc/systemd/logind.conf a mayar da HandleLidSwitch ya zama ignore. Na biyu, batir. Batirin litiyam da ke zaune cike fal kullum cikin zafin nan namu kumbura yake yi. ThinkPad na ba da damar tsayar da caji a kashi 60 ko 80 ta manhajar TLP, wasu Dell kuma a cikin BIOS ake saita shi, wato shafin saitin inji da ake shiga da zarar an kunna shi. Ranar da ka ga wurin linzamin yatsa ya taso ko gindinta ya daina zama daidai a kan tebur, cire batirin nan take, kada ka ce sai gobe.

An kawo wata babbar saba ta kamfani da arha, mai furosesa biyu. In ɗauka?

Arha ba ta ado. Mu yi lissafi tare. Injin da ke shan wat 10, a awa 24 na kwana 30, ya sha kilowat-awa 7.2 a wata. Tsofaffin manyan sabobin nan irin su PowerEdge R710, suna zaune ba sa komai ma suna haura wat 100. Mu ce 150 da diskokinsu. Wannan kilowat-awa 108 ke nan a wata. In muka ƙaddara kowane ɗaya sefa 80 ne, ɗaya ta ci maka ƙasa da sefa 600, ɗayar ta ci sama da 8,600, kowane wata, ban da yiwuwar ta tura ka rukunin masu biyan farashi mai tsada. Ga ƙara kamar injin niƙa, ga zafin da take hurawa cikin ɗaki, kuma babu batirin gida da zai riƙe ta har asuba. An yi su ne don ɗaki mai na'urar sanyaya iska da janareta a bayan gini. In koyon aiki kake so don neman aiki a kamfani, saya ka riƙa kunnawa awa biyu kana kashewa. Amma ta zama sabar gida, a'a.

Raspberry Pi fa? Kowa a YouTube ita yake yabo.

'Yar kwamfuta ce mai girman tafin hannu, mai kyau, kuma tana da tsimin wuta sosai. Pi 4 ta fito a 2019, Pi 5 a ƙarshen 2023. Amma kafin ta iso hannunka daga Duwala ko Yawunde, ka ƙara caja ta ainihi (Pi 5 tana son mai volt 5 da amfiya 5), ka ƙara gida, fanka da abin haɗa SSD, sau da yawa ka tarar kuɗin ya kamo na 'yar ƙaramar kwamfutar ofis wadda ta fi ta ƙarfi. In kana da ita a hannu, yi amfani da ita, sai dai kada ka bar babbar manhaja a kan katin microSD. Katin nan ba ya jure yawan rubutu, ɗaukewar wuta kuma ita ce ajalinsa.

Wuta ba ta zama. Yaya zan yi saba ta rayu?

Nan ne gizo ke saƙa, kuma da a ce ni ne mai tsara tambayoyin mutane, da wannan ce ta farko. Arewacin Kamaru ya daɗe yana dogaro da madatsar Lagdo da ke kan Binuwai, mai megawat 72, wadda aka gama a farkon shekarun 1980. In ruwa ya ja baya da rani, wuta sai ta koma rabo, kuma daidai lokacin ne zafi ke kan ganiyarsa. Tashoshin sola na Marwa da Gider sun rage wahalar, amma mai saba ba zai kwanta a kan haka ba. 'Yan'uwanmu na Injamena ba sai an ba su labarin ɗaukewar wuta ba.

Ɗaukewar kanta ba ita ce ta fi ɓarna ba, dawowar ce. Wata rana da la'asar, shekarun baya, ina zaune ina shan shayi aka kawo wuta, ta tafi, ta dawo, ta sake tafiya, sau huɗu kafin in ajiye kofi. A karo na ƙarshe na ji diskin sabata yana wani ƙas, ƙas, ƙas kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa da farce. Na kashe, na kunna, na sa kunne a jikin ƙarfen, sautin bai sauya ba. Hotunan sunan ɗiyata na fari suna ciki, kuma a lokacin babu su a ko'ina sai nan. Ban same su ba har yau, uwargida kuma ba ta manta ba.

Ga abin da nake yi tun daga ranar. Saba ba ta taɓa shan wutar layi kai tsaye. Mafi sauƙi shi ne UPS, wadda masu shaguna ke kira da sunanta na Faransanci, onduleur. Amma ka san iyakarta: ƙaramar nan mai VA 650 batiri ɗaya ne a cikinta, volt 12 amfiya-awa 7, an yi ta ne don ta ba ka 'yan mintoci ka kashe inji lafiya. Wasunsu ma in kayan da ke kansu ba su da nauyi sai su ɗauka babu komai, su kashe kansu. In za ka saya, nemi mai kafar USB, ka haɗa ta da saba ta manhajar NUT, yadda in batir ya kusa ƙarewa saba za ta kashe kanta cikin tsari.

Hanyar da ta fi dacewa da mu ita ce batirin sola. Batir mai volt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da kimanin wat-awa 1,200. In na dalma ne, rabi kawai ya kamata ka sha don kada ya mutu da wuri, wato 600. Saba da na'urar wifi in sun haɗu suna shan wat 20, ka samu kusan awa 30 a lissafin takarda. A aikace ka rage kaɗan. Ka ga dalilin da ya sa nake ta nacin wat tun daga sama. Batirin litiyam irin LiFePO4 ya fi tsada, amma ana shan mafi yawan abin da ke cikinsa, kuma ya fi daɗewa. Na dalma kuwa an auna rayuwarsa ne a digiri 25, duk ƙarin kusan digiri 10 yana cinye rabinta.

In injinka mai volt 12 ne, kana iya tsallake inbata ka sha kai tsaye daga batir, ka huta da asarar juya wuta sau biyu. Sai dai batirin da ake ce wa volt 12 yana haura 14 lokacin caji, don haka sai ka sa 'yar na'urar daidaita volt a tsakani, da fis kusa da kan batir. Ƙananan Dell da HP volt 19.5 suke so, Lenovo 20, kuma bakin cajar Dell yana da wata allura a tsakiya da injin ke gane cajarsa da ita. In bai gane ba sai ya rage gudun furosesa. Wanda bai saba da waya da kwalba ba, ya bar su a kan inbata.

Abu na ƙarshe, kyauta ne: shiga BIOS ka nemi AC Recovery a Dell, ko After Power Loss a HP da Lenovo, ka sa shi a kan kunnawa. In batir ya ƙare kana kasuwa, da wuta ta dawo saba za ta tashi da kanta. Da damina kuma, in hadari ya haɗo da tsawa, ka tuna wayar intanet da aka ja daga wani gini zuwa wani ita ma hanya ce ta shigowar aradu.

Zafin Maris da Afrilu ba zai ƙona ta ba?

Furosesa yana kare kansa, in ya yi zafi sai ya rage gudu. Diski da batir su ne abin tausayi. A ranar da Garwa ta haura digiri 40, ɗaki mai rufin kwano ya fi haka, diski kuma yakan ɗara zafin ɗaki da digiri da dama. Ni in na ga nawa ya doshi 50 nakan kunna masa fanka. Kada ka kulle ta a cikin kabad, kada ka ɗora ta saman firji ko kusa da kwano, kada kuma ka ajiye ta a ƙasa inda tsintsiya ke tayar da ƙura. Tsakiyar bango a ɗakin da ya fi inuwa, shi ne wurinta. Da hunturu ina buɗe tawa duk wata in hure ta da abin hura iska, ina riƙe fanka da yatsa don kada ta yi ta juyawa. Abin da ke fitowa daga cikin 'yar na'urar nan bayan buji na wata ɗaya, sai ka rantse buhun gari aka zazzage a ciki. Ƙadangaru da kyankyasai ma suna son ɗumin, ka riƙa leƙawa.

RAM nawa ya isa?

RAM shi ne wurin da inji ke riƙe aikin da yake kai, kuma giga 8 ya isa ajiyar fayil da finafinai. Giga 16 in za ka tara manhajoji da yawa ko ka raba injin gida-gida. Masu cewa dole sai RAM mai ECC, wato mai gyara kuskuren kansa, ba ƙarya suke yi ba, yana da amfani, amma ƙananan injinan nan ba sa ɗaukarsa, kuma kuɗin ya fi amfani in ka zuba shi a batir da diski na biyu.

Wane diski zan saka, kuma na hannu yana da laifi?

Raba aiki biyu. Babbar manhaja ta zauna a kan SSD, ko mai giga 128 ko 256 ya wadatar. Kayan ajiya kuma a wani diskin daban, yadda in ka sake girka manhaja ba ka taɓa su ba. In kayanka ba su wuce tera ɗaya ko biyu ba, SSD ya fi: ba abin da ke juyawa a cikinsa, ba ya jin girgiza, wutarsa kaɗan. In sun fi haka, sai mai faifai.

A masu faifai akwai wani bambanci da ba a rubuta shi ɓaro-ɓaro a kwali. Wasu CMR ne, wasu SMR. Na biyun suna jera layukan rubutu ɗaya a kan gefen ɗaya kamar jerin kwanon rufi, su fi ɗaukar kaya da arha, amma in aka matsa musu da dogon rubutu sai su koma tafiyar hawainiya. A 2020 an yi ta ce-ce-ku-ce da aka gano wasu diskokin WD Red na saba SMR ne, daga baya kamfanin ya ware masu CMR ya kira su Red Plus. IronWolf na Seagate ma CMR ne. Ka ɗauki lambar diskin ka bincika kafin ka biya.

Na hannu kuwa, ba a cinikin biri a sama. Diski yana rubuta tarihinsa da kansa, ana karanta shi da smartctl a Linux ko CrystalDiskInfo a Windows. Duba awannin da ya yi yana aiki: shekara ɗaya cur awa 8,760 ce, ka ga mai awa 40,000 ya haura shekara huɗu da rabi yana juyawa. Sannan duba layi mai lamba 5 da mai lamba 197, su ne ke ƙirga gurabun da suka lalace da waɗanda ake zargi. In ba sifiri ba ne, mayar masa da kayansa. Wani yaro ya taɓa kawo mini SSD da ya sayo da murna, an rubuta tera 2 a jiki, farashinsa bai kai na takalmi ba. Da muka ɓare robar, katin waya ne ƙarami aka manna da gam, da wani guntun ƙarfe don ya yi nauyi a hannu. Manhajar f3 tana tona irin wannan asirin.

In na sa diski biyu suna kwafar juna, na tsira ke nan?

A'a. Wannan tsarin, RAID, yana ceton ka ne daga mutuwar diski ɗaya kawai. In ka goge fayil bisa kuskure, ya gogu a duka biyun. In wuta ta buga, ko ɓarawo ya shigo, ko ruwa ya ci ɗakin, tare za su tafi. Ƙa'idar da masu harka ke bi ita ce kwafi 3, a kan na'ura iri 2, ɗaya a wani wuri daban. A aikace: diski na USB da kake haɗawa duk Juma'a ka kwafa, ka cire, ka kai gidan yayanka ko ka kulle a shago. In kuɗinka na diski biyu ne kacal, na biyun ya zama wannan. Lokaci-lokaci kuma ka buɗe kwafin ka ga ko hotunan suna buɗuwa da gaske.

Mu zo kan babbar manhaja. Wacce zan girka?

Debian, ko Ubuntu Server. In ka matsa mini in zaɓi ɗaya, Debian.

Da tsohuwar zuma ake magani. Ian Murdock ne ya fara Debian a 1993, kuma halinta shi ne rashin gaggawa: sabon zubi kusan duk shekara biyu, na 12 a Yunin 2023, na 13 a Agustan 2025, kowanne kuma ana tallafa masa har kusan shekara biyar. A tsakani gyaran tsaro da na manyan kurakurai kawai take saukewa, ba ta sauya maka abubuwa kana barci. Ga mai sayen data da kuɗinsa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ba ta da nauyi, kuma tun zubi na 12 faifan girkawa yana zuwa da direbobin katin wifi da na intanet waɗanda a da sai an yi wahalar nemansu.

Ubuntu daga Debian aka samo ta. Zubinta mai dogon tallafi, LTS, yana fitowa a Afrilun kowace shekara mai cika biyu-biyu, kamar 24.04, da tallafin shekara biyar. Fifikonta shi ne yawan darussa: duk matsalar da ka rubuta, da Faransanci ko Turanci, wani ya riga ya gamu da ita. In maƙwabcinka ko malaminka Ubuntu ya iya, girka Ubuntu, ka manta da ra'ayina. Wanda za ka kira da ƙarfe goma na dare ya fi kowace manhaja muhimmanci.

Wanda baƙin allo da rubuta umarni ke ba shi tsoro, ga OpenMediaVault. Debian ce a ƙasa, amma ta waya ko laftof kake sarrafa ta da danne-danne, akwai ta da Faransanci, kuma ba ta raina ƙaramin inji. Ita nake girka wa masu ɗaukar hoto.

Proxmox da TrueNAS da ake ta zuzutawa fa?

Kowacce da wurinta. Proxmox, ta wani kamfani a Biyana ta ƙasar Ostiriya, tana raba inji ɗaya ya zama kwamfutoci da yawa, ka lalata ɗaya sauran na aiki. Ga ɗalibin da ke koyon harkar sadarwa babu kamarta, amma ka tanadi RAM giga 16 zuwa sama. TrueNAS ta ajiya ce zalla, a kan tsarin ZFS mai binciken lafiyar kowane fayil. Tana son aƙalla giga 8, diski na musamman don kanta, da diskokin ajiya biyu ko fiye a haɗe a cikin inji, ba ta USB ba. A 'yar ƙaramar kwamfuta mai gurbi ɗaya, ka sayi sirdi ne babu doki. Unraid kuma tana karɓar diskoki masu girma daban-daban, amma ta kuɗi ce, sai da katin biya ta intanet.

Shawarata ga mai farawa: Debian, tsarin fayil na ext4, manhajoji a cikin Docker, wadda ke killace kowace manhaja a akwatinta daban. Bayan wata shida za ka san da kanka ko kana buƙatar wani abu fiye da haka.

Ni Windows na iya. Dole ne in bar ta?

Ba dole. In raba fayil tsakanin kwamfutoci uku na shago ne kawai, Windows 11 za ta yi. Sai dai tana da nauyi, tana sauke sabuntawa masu cin data, tana kuma sake kunna kanta lokacin da ta ga dama. Windows 10 ce ban yarda a bar ta a kan injin da ke haɗe da intanet dare da rana ba, tunda tallafinta na kowa da kowa ya ƙare.

Data na da tsada. Girkawar ba za ta cinye ni ba?

Sauke cikakken faifan Debian na farko, mai kusan giga 4, sau ɗaya, da dare ko wurin wanda ke da layi mai kyau, ka zuba a filash. Da shi za ka girka ko babu intanet, kuma ya yi wa mutum goma aiki. In kana da injinan Linux da yawa, apt-cacher-ng yana sa a sauke sabuntawa sau ɗaya kowa ya ɗiba daga saba. Docker ce mai cin data a ɓoye, kada ka bar ta tana sabunta kanta kullum.

Sai wani tarko da ya kama ni, ya kama kusan duk wanda na koya wa. Madannanmu na nan galibi na Faransa ne, AZERTY. In ka bar manhajar girkawa a kan tsarin Amurka, ka danna A za ta rubuta Q, ka danna M ta rubuta wata alama, kuma kalmar sirri ba a ganinta lokacin rubutawa. Sai ka gama, ka zo shiga daga wayarka, ta ce ba ta san ka ba. Na taɓa sake girka inji sau biyu a dare ɗaya kafin in gane. Zaɓi tsarin madannai daidai tun a shafin farko, ka gwada kalmar a gurbin suna inda ake ganin haruffa, sannan ka goge.

Ina tafiya fatauci Injamena. Zan iya shiga sabata daga can?

Za ka iya, amma ba ta hanyar da tsofaffin darussa ke koyarwa ba. Layukan waya galibi suna haɗa masu amfani da yawa a bayan adireshi ɗaya, abin da ake kira CGNAT. In ka duba na'urar wifi ɗinka ka ga adireshinta na waje ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, to kana ciki, buɗe ƙofa a na'urar ba zai yi komai ba. Tailscale, wadda aka gina a kan WireGuard, tana haɗa wayarka da saba kamar suna ɗaki ɗaya, kuma kyauta ce ga amfanin mutum na kansa. Takardu da hotuna za su zo lafiya. Fim kuwa ya dogara da ƙarfin turawar layin gida, kuma data biyu kake ƙonawa, ta gida da ta hannunka.

Na je kasuwa gobe. Me zan duba kafin in miƙa kuɗi?

Tafi da filash mai Linux a aljihu, ka ce a jona maka allo. Shiga BIOS da farko. Injinan da suka fito daga kamfanoni wasu suna zuwa da kalmar sirri a kulle, mai shagon ma bai san ta ba, kuma ba tare da ita ba ba za ka iya sauya komai ba. Duba ko furosesa da RAM da aka rubuta a takardar jiki su ne a ciki. In agogon injin ya koma shekarun baya, batirin CR2032 ne ya mutu, abu ne mai arha, amma ka canza shi, don in ya mutu saitin tashi bayan wuta ma yana iya gogewa. Tayar da Linux ɗin, ka gwada kafar intanet da kowace kafar USB, ka bar shi yana aiki minti goma sha biyar kuna gaisawa da mai shago, kana sauraron fanka. Ɗaga cajar ka ji nauyinta, ta jabu ba ta da nauyi, kuma ita ce ke fara ƙonewa. Sannan ku yi magana a gaban shaida kan kwana nawa ya ba ka ka dawo da shi in ya ba da matsala, a rubuta a bayan rasit.